Yadda ake sabar wa kyanwa da hannun mutum: Ɗauka, taje gashi, yanke farce da zuwa asibiti

Kyanwa, wadda ake kira mage ko kuliya a wasu sassan ƙasar Hausa, namijinta kuma muzuru, tana cikin dabbobin da suka fi kusanci da ɗan Adam. Tana kwana a ɗaki, tana shiga kicin da rumbu, tana wasa kusa da yara. Duk da haka, a gidaje da shaguna da dama na Jos, babban birnin Jihar Filato, kamar yadda yake a sauran biranen Arewa, saboda ɓera kawai ake ajiye ta. A zuba mata abinci ta ci ta yi gaba, babu wanda ya taɓa ɗaukar ta ko ya duba jikinta. Ranar da ta ji rauni, ko ƙuma ta addabe ta, ko lokacin allurar rigakafi ya yi, sai a tarar babu mai iya kama ta ba tare da ya sha yakushi ko cizo ba.

Shi ya sa likitocin dabbobi ke ɗaukar sabar mata da hannu a matsayin matakin farko na kula da lafiyarta da ta mutanen gida. Kyanwar da ba ta taɓuwa da wuya a kai ta asibiti, wadda ba a kai asibiti ba kuwa ba ta samun rigakafi.

Dalilin da ya sa take ƙin riƙo

Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Kafin nan, a 2004, masu binciken kayan tarihi sun sanar da gano wani kabari mai shekara kusan 9,500 a tsibirin Saifurus, inda aka binne mutum tare da kyanwa. Zaman tare ya daɗe, amma bai kankare halin da ta gada ba. Kakanninta kowacce ita kaɗai take farauta, kuma da yake ƙananan dabbobi ne, manyan namun daji na farautar su. A wurin irin wannan dabba, a danne ta ko a ɗaga ta sama ba shiri daidai yake da faɗawa hannun abin da zai cinye ta.

A nan ta bambanta da kare, wanda kakanninsa ke rayuwa cikin garke. Tsawa da duka ba sa koya wa kyanwa biyayya. Abin da take koya daga gare su shi ne hannun mutum abin gudu ne. Wadda yara suka saba jifa, ko aka saba kora saboda camfin da wasu ke yi game da baƙar kyanwa, takan ɗauki wannan darasi har tsufanta.

Lokacin da ya fi dacewa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwaje-gwajen da Eileen Karsh ta yi a Jami'ar Temple da ke Amurka a shekarun 1980 sun nuna cewa tsakanin mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa ne ’ya’yan kyanwa suka fi saurin sabawa da mutane. Waɗanda aka riƙa ɗauka kullum a wannan tsakanin sun tashi suna zuwa wurin mutum da kansu, kuma suna jure riƙo fiye da waɗanda aka fara taɓawa daga baya. Wani bincike da Sandra McCune ta wallafa a 1995 ya ƙara da cewa gado ma na da tasiri, domin ’ya’yan muzuru mai sakin jiki da mutane sun fi ’ya’yan mai tsoro ƙarfin hali.

Saboda haka gidan da kyanwa ta haihu shi ke da babban aiki. Daga mako na biyu, a riƙa ɗaukar kowane ɗa na ’yan mintoci a kullum, a gaban uwar, a shafa kansa da bayansa, a taɓa ƙafafunsa da kunnuwansa, sannan a mayar da shi. Yana da kyau hannaye su bambanta, namiji da mace da yaro mai hankali, don kada ya saba da mutum ɗaya tak. Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, domin a wasa da ’yan’uwansa ne yake koyon sassauta cizo da mayar da farce.

Yanayin Jos na buƙatar ƙarin kula. Birnin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, kuma daren hunturu a Disamba da Janairu na da tsananin sanyi. Jaririn kyanwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa a makonnin farko. A ɗumama hannu kafin a ɗauke shi, a yi a cikin ɗaki, kada a daɗe da shi nesa da jikin uwarsa.

Babbar kyanwa ma tana koyo, sai dai abin da ƙarama za ta kama a kwanaki, ita takan ɗauki makonni ko watanni. Wadda ta girma a titi ba tare da hulɗa da mutane ba, mai yiwuwa iyakar abin da za a samu shi ne ta yarda ta ci abinci kusa da mutum kuma ta shiga kwando.

Karanta alamun jikinta

Kyanwa ba ta cika kai farmaki ba gargaɗi ba. Idan ta tunkaro mutum da wutsiya a tsaye, kunnuwa na kallon gaba, tana goga kumatu a ƙafarsa ko hannunsa, ta amince ke nan. A kumatunta da haɓarta akwai wuraren da ke fitar da wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, kuma da shi take yi wa abin da ta yarda da shi alama. Lumshe ido a hankali shi ma alamar natsuwa ce. Wani bincike na Jami'ar Sussex da ke Ingila a 2020 ya gano cewa kyanwoyi sun fi kusantar baƙon da ya lumshe musu ido a hankali fiye da wanda bai nuna komai a fuskarsa ba.

Alamun gajiya kuwa su ne kaɗa wutsiya da ƙarfi, motsin fatar baya, kwantar da kunnuwa baya ko gefe, buɗewar baƙin ido, sandarewar jiki da juyowa a kalli hannun da ke shafa ta. Huci da gurnani mai kauri su ne gargaɗin ƙarshe. Wanda ya janye hannunsa tun a alamar farko ya koya mata cewa ba sai ta yi cizo ake jin ta ba.

Kwanciya rigingine ta nuna ciki yakan yaudari mutane. Alama ce ta sakin jiki, amma yawancin kyanwoyi ba sa son a taɓa musu ciki. Wuraren da suka fi so su ne kumatu, ƙarƙashin haɓa da gindin kunne. Ciki, ƙafafu da gindin wutsiya sai an bi a hankali.

Matakan sabo da hannu

Hanyar da masana halayyar dabbobi suka yi ittifaƙi a kanta tana da ginshiƙai uku: a fara da kaɗan, a haɗa kowane taɓi da lada, a daina kafin ta gaji.

Da farko mutum ya zauna a ƙasa ko a kan tabarma, ya ba ta gefensa, ya miƙa yatsa ɗaya ya bari ta zo ta shinshina. Idan ta goga kai, ya shafa kumatunta sau biyu ko uku ya tsaya. Idan ta sake matsowa ya ci gaba, idan ta tafi ya ƙyale ta. Ƙofa ta kasance a buɗe, domin kyanwar da ta san tana da hanyar fita ta fi daɗewa a zaune.

Ladan ya zama ɗan abin da take so ƙwarai, kamar tsokar kaza dafaffiya ko kifi marar ƙaya, gwargwadon ƙwayar wake, kuma a ba ta nan take bayan taɓin. Kada a yi amfani da tsire, kilishi ko naman miya, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Madarar shanu ma takan sa manyan kyanwoyi da yawa gudawa. Kafin cin abinci ya fi dacewa da horo, lokacin da take da ɗan marmari.

Minti biyu ko uku sau biyu a rana sun fi rabin awa sau ɗaya a mako amfani. A riƙa faɗaɗa wurin taɓi daga kai zuwa wuya, zuwa baya, zuwa kafaɗa, zuwa ƙafa. Duk inda ta nuna ƙi, a koma matakin da ya gabata na kwana biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ake ɗaukar ta

Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, bayan ƙafafun gaba, ɗayan ya tallafi ƙafafun baya da ƙugu, sannan a jingina ta da jiki. A kwanakin farko a ɗaga ta kaɗan daga ƙasa, a sauke, a ba ta lada. Daga baya a riƙa ƙara daƙiƙoƙi. A sauke ta a kan ƙafafunta huɗu tun kafin ta fara zillo.

Ɗaga kyanwa ta fatar ƙeya al'ada ce da ta yaɗu, bisa hujjar cewa haka uwa ke ɗaukar ’ya’yanta. Uwa na yin haka ne ga jarirai marasa nauyi. Babbar kyanwa mai kilo 3 ko 4 da aka rataye ta fata tana jin zafi da firgici, shirun da take yi kuma sandarewar tsoro ce. Ƙa'idojin riƙon kyanwa da ƙungiyoyin likitocin kyanwa na Amurka da na ƙasa da ƙasa suka fitar a 2011 sun yi gargaɗi a kan ɗaga ta haka, kuma sabon bugun 2022 ya ƙara tsananta gargaɗin. Haka nan ba a jan ta ta wutsiya ko ta ƙafafun gaba.

Taje gashi da wanka

Harshen kyanwa na ɗauke da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa baya, waɗanda ke aiki kamar mataji, kuma tana kashe wani babban kaso na lokacinta tana lasar jiki. Mai gajeren gashi, wadda ita ce aka fi samu a Najeriya, tajewa sau ɗaya a mako ta ishe ta. Masu dogon gashi irin na Farisa, waɗanda wasu gidaje ke saye domin ƙawa, suna buƙatar tajewa kullum, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe a hammata da bayan kunne har ya riƙa jan fata. Tsohuwar kyanwa da mai ƙiba su ma suna buƙatar taimako, saboda ba sa kai wa ko'ina.

A fara da ajiye buroshi mai laushi kusa da inda take cin abinci na ’yan kwanaki. Sannan a bari ta goga kumatu a jikinsa. Bayan haka a ja shi sau biyu ko uku a wuya da baya, ta inda gashin ya kwanta, a ba ta lada. Gashin da ya dunƙule a warware shi da yatsu daga baki. Kada a sa almakashi ko reza, domin fatar kyanwa siririya ce kuma takan shige cikin dunƙulen ba a sani ba.

Amfanin tajewa ya wuce kwalliya. A nan ake ganin ƙuma, kaska, rauni, kumburi da makero, wanda ke bayyana kamar da'irar da gashi ya zube kuma yana kama mutane, musamman yara. Baƙin gari mai kama da barkono a gindin gashi, wanda ke komawa ja idan aka sa shi a jiƙaƙƙiyar farar takarda, kashin ƙuma ne.

Lafiyayyar kyanwa ba ta buƙatar wanka. Ana yi mata ne idan mai ko wani abu mai guba ya ɓata mata jiki, ko likita ya ba da umarni. A irin sanyin Jos, a yi shi da rana tsaka, a cikin ɗaki, da ruwan ɗumi kaɗan a roba, a kiyaye fuska da kunne, a tsane ta sosai da tawul, kuma kada ta fita sai ta bushe sarai. Sau da yawa jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar.

Farce, kunne da baki

Kyanwa na da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Wadda ke yawo waje tana hawa bishiya da katanga tana buƙatar su don kare kai, kuma suna goguwa da kansu. Ta cikin gida da tsohuwa su ake rage wa, domin farcen kan lanƙwashe ya shige tafin ƙafa.

A ɗauki mako guda ana taɓa ƙafar kawai, ana danna tafin a hankali har farcen ya fito, ana ba da lada. Ranar yanka, a cire ɗan tsinin da ke da haske kaɗai. Jan wurin da ake hangowa a cikin farcen jini ne da jijiya, yanke shi na da zafi kuma yana zubar da jini. Farce ɗaya ko biyu a zama ɗaya sun isa. A tanadar mata guntun icce ko katakon da aka naɗe da igiya don ta riƙa karta, kujerun gida su huta. Cire farce gaba ɗaya ta hanyar tiyata yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ne. Ƙasashen Turai da dama sun haramta shi, Jihar New York ta Amurka ma ta bi sahu a 2019.

Kunne ana ɗaga shi a leƙa, a goge abin da ido ke gani da auduga, ba a cusa tsinke. Baki kuma a saba ɗaga leɓe a ga dasashi. Wannan sabon ne ke sauƙaƙa ba da magani ranar da ciwo ya zo. Idan dole ta sa a riƙe ta kafin horo ya kammala, a naɗe ta da tawul daga wuya zuwa ƙasa, kai a waje, a gama da sauri, a sake ta.

Magungunan da ke kashe ta

Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu sinadarai da jikin mutum ko na kare ke jurewa. Ƙwayar farasitamol ɗaya na iya kashe ta. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai ɗauke da sinadarin fametirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Fiya-fiya, kananzir da baƙin mai da wasu ke shafa wa dabbobi saboda ƙwari duk guba ne gare ta, tunda duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Kada a sa mata kowane magani sai wanda likitan dabbobi ya tabbatar na kyanwa ne.

Tafiya asibiti

Ta fuskar likitancin dabbobi, Jos da kewayenta na da gata. A Vom, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ke can tun 1924, tana sarrafa alluran rigakafin dabbobi kuma tana gwajin tabbatar da cutar haukan kare. A nan Vom ɗin akwai Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da Fasahar Kiwo. Jami'ar Jos na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, ga kuma asibitocin gwamnatin jiha da masu zaman kansu. Abin da ya rage wa mai kyanwa shi ne yadda zai kai ta.

Cusa ta a buhu a ɗaure baki, kamar yadda aka saba, yana iya shaƙe ta, kuma yana rusa horon watanni. Rungumar ta a kan babur ko cikin keke-napep kuwa, ƙarar hon ɗaya ta isa ta kufce ta faɗa titi. Abin da ya dace shi ne akwatin ɗaukar dabbobi, ko kwandon roba mai murfi, ko kwali mai ƙarfi da aka huda don iska. A ajiye shi a buɗe a ɗaki kullum, da tsumman da take kwanciya a kai a ciki, a riƙa sa mata abinci a bakinsa, daga baya a can ƙurya. Idan ta saba shiga, a rufe na ’yan daƙiƙoƙi a buɗe, a riƙa ƙarawa. Ranar tafiya a lulluɓe shi da zane, a tallafe shi ta ƙasa, kuma a asibiti a nisanta shi da karnuka.

Cizo, yakushi da cutar haukan kare

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ’yan ƙasa da shekara 15. Karnuka ke yaɗa kusan kashi 99 cikin 100 na cutar ga mutane, amma kyanwar da ke yawo na iya ɗaukar ta daga cizon kare ta kawo gida. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake tsira. Ana yi wa ɗan kyanwa allurar farko daga wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Likita ne zai zaɓi allurar, domin ba kowace allurar kare ce ta dace da kyanwa ba. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, Ranar Yaƙi da Cutar Haukan Kare ta Duniya, lokaci ne mai kyau na duba katin rigakafin dabbobin gida.

Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakushe har fata ta fashe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya je asibiti a ranar. Haƙoranta sirara ne, suna cusa ƙwayoyin cuta can ciki, ƙaramin huji a hannu kan kumbura cikin kwana ɗaya. A killace kyanwar a sa mata ido na kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma wannan ba dalili ba ne na jinkirta zuwa asibiti.

Kyanwar da ta saba da hannu tana da wata fa'ida a nan. Idan wadda aka sani da sanyin hali ta wayi gari tana cizo, ko tana ɓuya, ko ta daina lasar jikinta, mai ita zai gane nan da nan cewa akwai ciwo. Irin wannan ba horo take buƙata ba, likita take buƙata. Idan kuma akwai dalalar da miyau, sauyin murya ko shanyewar ƙafa, kada kowa ya taɓa ta, a rufe ta a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Rawar yara da mutanen gida

Yara ne suka fi kusantar kyanwa, su ne kuma suka fi shan yakushi. A koya musu su zauna ƙasa su jira ta zo, kada su bi ta da gudu, kada su taɓa ta tana ci, tana barci ko tana shayarwa, kuma su wanke hannu bayan wasa. Wasan farauta a yi shi da igiya ko gashin kaza a bakin sanda, domin ɗan kyanwar da aka bari yana kokawa da yatsu zai girma yana ganin hannu abin cizo ne. A kuma ja musu kunne su faɗi duk cizo ko yakushi komai ƙanƙantarsa, ba tare da tsoron faɗa ba.

Tausaya wa kyanwa ba baƙon abu ba ne a al'ummar Hausawa. Sahabi Abu Huraira ya samu laƙabinsa ne saboda ’yar kyanwar da yake ɗauka, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne tsari: a fara tun tana mako biyu, a yi minti biyu ko uku a kullum, a ba da lada, a sake ta kafin ta nemi kufcewa, kuma duk mutanen gida su bi hanya ɗaya.